Yadda Ake Isar da Gargaɗin Ɓullar Cuta ga Likita ta Cikin Kundin Majiyyaci na Kwamfuta

Idan hukumar lafiya ta gano cewa wata cuta ta ɓulla, abin da ta saba yi shi ne ta rubuta sanarwa, ta aika wa asibitoci ta imel ko ta takarda. Sanarwar takan kai shafi uku ko huɗu. Likitan da ke da layin majiyyata a ƙofarsa ko dai bai buɗe ta ba, ko ya karanta ta ranar Litinin, ya manta da ita kafin Alhamis, ranar da mai ɗauke da cutar zai zauna a gabansa. Amfanin saka gargaɗi a cikin kundin majiyyaci na kwamfuta shi ne a cike wannan giɓi: maganar ta fito a daidai lokacin da aka buɗe fayil ɗin mutumin da ta shafa, ta yi shiru a kan sauran.

Abin da ya faru a Dallas ta Amurka a watan Satumban 2014 ya isa misali. Wani mutum da ya taso daga Laberiya ya je asibiti da zazzaɓi da ciwon ciki. Ya faɗa wa nas cewa daga Afirka ya fito, ita kuma ta rubuta a kundi. An ba shi magani aka sallame shi. Bayan kwana biyu aka dawo da shi a motar asibiti, gwaji ya nuna Ebola ce, ya rasu ranar 8 ga Oktoba, ma'aikatan jinya biyu kuma suka kamu. Bayanin tafiyar yana cikin kwamfuta, zazzaɓin ma yana ciki. Abin da aka rasa shi ne wanda zai haɗa biyun ya ɗaga murya.

Ba kowace sanarwa ce ta cancanci zama gargaɗi ba

Aikin farko tacewa ne, kuma a nan ake yawan yin kuskure, domin hukuma tana ganin duk abin da ta fitar muhimmi ne. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ma ta kasa sanarwarta gida-gida: akwai wadda ke neman a ɗauki mataki nan take, akwai ta shawara, akwai ta ƙarin bayani kan abin da aka riga aka sanar. Ku ma ku yi irin wannan rabon, da tambayoyi uku. Akwai abin da likita zai yi dabam a wannan zama idan ya ga gargaɗin, kamar keɓe majiyyaci, ko aika wani gwaji, ko canza magani? Ana iya gane majiyyacin da abin ya shafa daga bayanan da ake shigarwa yau da kullum? Jinkirin kwana ɗaya zai jawo ɓarna? Idan amsar ɗaya daga ciki "a'a" ce, a bar sanarwar a shafin farko na manhajar kundin ko a akwatin saƙon ma'aikata. "A ƙara sa ido kan cutar kaza" ba aiki ba ne, ba a tare allon likita saboda shi.

Mutum uku suka isa yin wannan hukunci: likita mai duba marasa lafiya, jami'in daƙile yaɗuwar cututtuka na asibitin, da mai gina dokoki a manhajar, wato sharuɗɗan da ke tayar da gargaɗi. A ba su ikon kunna gargaɗi cikin awa 24 ba tare da jiran zaman kwamiti na wata-wata ba. Kwamitin ya duba daga baya.

Mayar da sanarwa sharaɗin da kwamfuta za ta gane

Nan ne aikin yake da nauyi. Kwamfuta ba ta karanta sakin layi, sharaɗi take bi, kuma sharaɗin yakan ƙunshi abu huɗu: wane irin mutum, wace alama, wane wuri ko cuɗanya, cikin waɗanne kwanaki.

Ɗauki ƙyanda. Ma'anar da masu ƙididdigar cututtuka ke amfani da ita a Amurka ta ce zafin jiki ya kai digiri 38.3, ƙuraje su bazu a jiki na kwana uku ko fiye, tare da tari ko mura ko jan ido. Wannan ma'ana an yi ta ne don ƙirga waɗanda suka kamu. Idan kuka kwafe ta yadda take, gargaɗinku zai zama ihu bayan hari, domin mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙurajen su fito har kwana huɗu bayan fitowarsu. Ku zubar da sharaɗin kwana ukun. Haka ma zafin jiki: yaron da aka ba farasitamol awa ɗaya kafin a zo ba zai kai 38.3 a ma'auni ba. Don haka a rubuta sharaɗin da "ko": zafin da aka auna ya kai mizani, ko kuma an shigar da zazzaɓi a cikin abin da ya kawo shi.

Kada a rataya gargaɗin a kan lambar gano cuta. Lambar ƙyanda a ICD-10, tsarin lambobin cututtuka na duniya, ita ce B05, amma likitan da ya rubuta B05 ya riga ya yi tunanin ƙyanda, ba ya buƙatar tuni. Sau da yawa ma sai bayan majiyyaci ya tafi ake saka lambar. Sabuwar cuta kuwa ba ta da lamba sam. Korona ta yi makonni tana yawo kafin a ba ta U07.1 a 2020. Abin da ake dogara da shi shi ne bayanan da ke shiga da wuri: dalilin zuwa, awon zafin jiki, shekaru, adireshi, da gwajin da likita ya fara nema.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da raminsa.

Zafin jiki yana da lamba tsayayya a LOINC, tsarin lambobin awo da gwaje-gwajen asibiti, wato 8310-5, amma lambar ba ta hana wani reshe na asibitin shigar da awo da ma'aunin Faranhait. Sharaɗin "ya wuce 38" zai kama kowa da kowa a wannan reshe, tunda mai lafiya ƙalau 98.6 yake nunawa. A duba ma'auni kafin a kwatanta adadi.

Dalilin zuwa, idan rubutu ne na sakaka ba zaɓi daga jeri ba, yana zuwa da kura-kuran rubutu da taƙaitawa iri-iri. Mafi muni shi ne kore magana: binciken kalmar "zazzaɓi" zai kama wanda aka rubuta masa "babu zazzaɓi". Ku zaro dalilan zuwa na wata ukun da suka wuce, ku karanta ɗari biyu ko uku da idonku, ku tattara yadda ma'aikatanku ke rubuta kalmar a zahiri. Aiki ne mai gundura, amma babu abin da ke maye gurbinsa.

Adireshi yakan tsufa, kuma yana faɗin inda mutum ke kwana ne kawai. Cutar Lijiyonela, wadda ke fitowa daga ruwan hasumiyar sanyaya manyan gine-gine ta shiga huhu ta tururi, takan kama mutum a wurin aiki ko otal ɗin da ya sauka. Idan kun taƙaita gargaɗin ga mazauna unguwar da abin ya faru, za ku rasa waɗannan. Mafita ita ce a sa adireshi ya ƙara wa gargaɗin ƙarfi, sannan a saka tambaya guda a cikinsa: ya zauna, ko ya yi aiki, ko ya ziyarci yankin cikin kwana 14?

Tarihin rigakafi kuwa, gurbin da ba a cike ba ba ya nufin ba a yi wa mutum allura ba, haka kuma wanda aka yi wa yana iya kamuwa jefi-jefi. A nuna wa likita abin da ke rubuce, amma kada a kashe gargaɗin saboda shi.

Tafiye-tafiye su ne suka fi wahala, don yawancin kundaye ba su da gurbinsu sai an ƙirƙira. A sa tambayar a wurin rajista ko wurin tantancewa, da gurbi biyu tilas: ƙasar da aka je, daga jeri, da ranar dawowa. In babu rana, kwamfuta ba za ta iya lissafa kwanakin da cuta ke kwanciya a jiki kafin ta bayyana ba, su ne kuma ke yanke hukunci: kwana 21 ga Ebola da ƙyanda, 14 ga cutar numfashi ta MERS, biyar kacal ga kwalara. Jerin ƙasashen da ke da ɓullar cuta a ajiye shi a tebur guda wanda dokoki ke dubawa, yadda gyara ɗaya zai wadatar idan lamari ya canza. Wani lokaci ma gurbin da ake buƙata ba na tafiya ba ne. Lokacin da ciwon huhu mai alaƙa da sigarin lantarki ya ɓulla a Amurka a 2019, tambayar da aka saba yi ta taba ce, sai da aka koma ana tambayar zuƙar na lantarkin takamaimai.

Wa zai gani, a wane lokaci

Gargaɗi ɗaya ba ya dacewa da kowa. Ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Idan sai ya shiga ofishin likita sannan gargaɗi ya fito, ya riga ya zauna cikin jarirai da masu ciki a wurin jira. Saboda haka na farko na mai rajista ne da nas mai tantancewa, kuma abin da zai ce gajere ne: a sa masa takunkumi, a kai shi ɗakin keɓewa, a rufe ƙofa. Na likita ya biyo baya da batun gwaji da kai rahoto.

Na Lijiyonela kuwa babu ruwan mai rajista, tunda ba ta saba bi daga mutum zuwa mutum ba. Wurinsa shi ne lokacin da likita ke neman hoton ƙirji ko yake rubuta maganin ciwon huhu. A nan za a tuna masa ya ƙara gwajin fitsari, a kuma faɗa masa cewa wannan gwaji nau'i ɗaya kawai yake kamawa, don haka a aika majinar ƙirji tare da shi, a kuma tabbatar maganin da aka zaɓa yana kashe ƙwayar.

Akwai kuma irin da ba ya jiran majiyyaci ya zo. A 2012 allurar ciwon baya da ta gurɓata da naman gwari, daga rukuni uku na magani ɗaya, ta jawo sanƙarau a jihohi da dama na Amurka. A irin wannan hali aikin shi ne a binciko duk wanda aka yi wa allura daga waɗannan rukunai, a fitar da jerin sunaye, a kira su, sannan a liƙa alama a fayil ɗin kowannensu don likitan da zai gan shi nan gaba. Hakan yana yiwuwa ne kawai idan tun farko ana shigar da lambar rukuni a gurbinta lokacin bayar da magani.

Manhajojin da ke bin CDS Hooks, ƙa'idar nuna wa likita shawara a cikin kundi wadda ƙungiyar HL7 mai tsara musayar bayanan lafiya ta fitar, sun riga sun ware waɗannan lokuta: buɗe fayil, zaɓar umarni, da sa hannu a kan umarni. Gargaɗin yana zuwa a matsayin kati mai kanun da bai kai haruffa 140 ba, da mataki ɗaya cikin uku: bayani, jan kunne, ko gaggawa. Ko da manhajarku ba ta bin wannan ƙa'ida, rabon yana da kyau a ara. Akwatin da ke tare allo har sai an amsa a bar shi ga mataki na uku kaɗai. Sauran su zama zane mai launi a saman fayil ko a gefe, wanda ido zai gani, hannu kuma ya ci gaba da aiki.

Abin da za a rubuta a ciki

Likita zai ba gargaɗin daƙiƙa uku ko huɗu. Layin farko ya faɗi dalilin da ya sa ya fito a kan wannan mutum, na biyu ya faɗi abin yi. Misali:

"Zazzaɓi 38.9 da ƙuraje, kuma akwai ƙyanda a yankinsa. A keɓe shi yanzu. A ɗauki samfurin maƙogwaro da jini. A kira hukumar lafiya kafin a sallame shi."

A ƙasa a sa sunan hukumar da ta fitar da sanarwar, da ranar fitarwa, da lambar wayar da ake ɗagawa dare da rana, da mahaɗi zuwa cikakken bayani ga mai so. Lambar wayar a gwada ta ƙarfe biyun dare kafin a saka.

Maɓallin farko ya buɗe kunshin umarni da aka riga aka cike: keɓewa daga cutar da ke bin iska, gwajin PCR na maƙogwaro mai neman ƙwayar cutar, gwajin IgM na jini mai neman garkuwar da jiki ya fara yi mata, tare da bayanin kwalbar da za a zuba da ɗakin gwajin da za a aika. A ƙara layi guda cewa IgM yana iya fitowa babu komai a kwana ukun farko na ƙuraje, don kada a saki majiyyaci a kan wannan sakamako kaɗai. Ga waɗanda suka yi cuɗanya da shi kuma lokaci a ƙure yake: allurar rigakafi cikin awa 72, ko allurar sinadarin kariya cikin kwana shida. Gargaɗin da ya bar likita ya je yana laluben sunan gwaji a cikin jerin dubu ya yi rabin aiki ne kawai.

Maɓallin ƙin amincewa ya zo da dalilai uku ko huɗu da za a zaɓa: an riga an keɓe shi, akwai wani bayanin ƙurajen, bayanin da ya tayar da gargaɗin kuskure ne. Waɗannan amsoshi su ne za su nuna muku inda sharaɗin ya karkace.

Gwaji kafin kunnawa

Wani bita na nazarce-nazarce da aka wallafa a 2006 ya nuna likitoci suna tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin ɗari na gargaɗin da ya shafi magunguna. Wato naku zai shigo ne wurin da hannu ya riga ya saba da danna "rufe" kafin ido ya karanta. Duk fitowar banza da ya yi tana ƙara wa likita dalilin yi masa kunnen uwar shegu ranar da zai fito da gaskiya.

Gwajin hawa biyu ne. Na farko, a gudanar da sharaɗin a kan bayanan baya na kwana 30 zuwa 90, a ƙirga sau nawa da ya fito a kowace rana, a kowane sashe. Mu ɗauka asibiti yana ganin mutum 800 a rana, 120 daga ciki da zazzaɓi. Gargaɗin da zazzaɓi kaɗai ke tayarwa zai fito sau 120. Ƙara ƙuraje, wataƙila ya sauko zuwa shida. Shida a rana ana iya ɗauka lokacin da cuta ke gari, 120 kuwa zai mutu kafin la'asar. Idan akwai waɗanda aka tabbatar sun kamu a baya, a duba ko sharaɗin ya kama su. Wanda ya tsere, a buɗe fayil ɗinsa a ga ta ina ya bi.

Hawa na biyu shi ne a kunna shi a ɓoye na kwana ɗaya ko biyu: yana aiki a kan majiyyatan gaske, yana rubuta duk fitowarsa, amma ba wanda ke gani. A nan ake gano matsalolin lokaci, kamar a ce nas tana auna zafin jiki ta rubuta a takarda, sai bayan awa guda ta shigar. Idan cutar ba ta ba da wannan sarari ba, a kunna a sashen gaggawa kaɗai, wani ya zauna yana bin kowace fitowa a ranar farko.

Yadda za a daidaita faɗin ragar ya danganta da cutar. Ga Ebola, gara ya fito sau ashirin a banza da a rasa mutum ɗaya. Ga cutar da ba ta yaɗuwa a asibiti kuma jinkirin kwana ɗaya ba ya kisa, a matse.

Sai dokar maimaici. Ya fito sau ɗaya ga kowane rukunin ma'aikata a kowace ziyara. Idan an riga an ba da umarnin keɓewa ko an aika gwajin, ya yi shiru. Amma idan sabon bayani ya shigo, kamar ƙuraje sun fito wa wanda aka kwantar da zazzaɓi jiya, ya sake tashi.

Ranar mutuwarsa

Kowane gargaɗi a haife shi da ranar ƙarewa da sunan mai shi. Ƙa'idar CAP, tsarin saƙon gargaɗi na kwamfuta da ake amfani da shi wajen sanarwar bala'o'i, tana da gurbin lokacin farawa da na ƙarewa da yankin da abin ya shafa, kuma ya kamata asibitoci su roƙi hukumarsu ta riƙa turo waɗannan a fili cikin kowace sanarwa. Ku sa kwana 14 ko 30, ya kashe kansa in ba wanda ya sabunta. Ga ƙyanda da Ebola, ana ɗaukar ɓullar ta ƙare bayan kwana 42 babu sabon kamu, wato ninki biyu na kwanakin kwanciyar cutar, don haka wannan ne ma'aunin sabuntawa. Duk gyaran da aka yi wa sharaɗi a rubuta ranarsa da dalilinsa, in ba haka ba lissafin baya ba zai karantu ba.

A kowane mako mai gargaɗin ya duba adadi huɗu: sau nawa ya fito, sau nawa aka bi umarninsa, mutum nawa daga ciki gwaji ya tabbatar, da mutum nawa aka tabbatar ba tare da ya fito musu ba. Na ƙarshen ya fi sauran muhimmanci, kuma ba ya cikin rahoton manhaja, sai an kwatanta da sakamakon ɗakin gwaji. Adadin da ya faɗi zuwa sifiri dare ɗaya ba albishir ba ne. Galibi wani ne ya sauya sunan gurbi ko lambar gwaji lokacin sabunta manhaja, dokar ta daina ganin komai ba tare da ta yi kuka ba. A sa ƙararrawa a kan wannan ma.

Game da sirri, tsarin da ya fi aminci shi ne sharaɗi ya taho daga hukuma ya zauna a cikin manhajar asibiti, bayanan majiyyaci su tsaya inda suke. Abin da ke fita shi ne rahoton cutar da doka ta wajabta a kai, da ƙididdiga marar suna. A kula da kalmomin da ke fitowa a allon mai rajista, wanda na bayan layi ke iya leƙawa: "a sa takunkumi, a kai ɗaki na 2" ya wadatar, ba sai an ambaci cutar ba.

Manhaja kuma takan tsaya, wuta ko intanet su ɗauke. Duk lokacin da aka kunna gargaɗi mai matakin gaggawa, a buga sharaɗinsa da matakansa a shafi ɗaya, da ranar ƙarewa a rubuce a sama, a ajiye a teburin tantancewa tare da fom-fom ɗin da ake amfani da su idan kwamfuta ta tsaya. Ranar da aka kashe gargaɗin a manhaja, a aika wanda zai kwashe takardun a kowane sashe.